SAURA SALLA ƊAYA

Shafi na 19

Masu cika min waya da cewa Aminat ta cika iyayi, na ji ku. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan kowacce ta faɗa min abin da za ta yi in da ita ce.

*

Tun ƙarfe goma allon filin jirgin Madina ya koma ja daga sama har ƙasa. Jirgin Kano da aka ce zai tashi ƙarfe ɗaya, yanzu ba wanda ya san lokacinsa, har da mutumin da ke bayan kanta yana ta ɗaga wa jama'a hannu yana ba su haƙuri da Larabci.

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Garin da ake shafe watanni ba a ga ko yayyafi ba, yau sai ga shi da tsawa da iska har da ƙanƙara tana dukan gilashi. Wayoyin mutane sai ƙarar gargaɗi suke yi, kowa ya zauna inda yake.

Aminat ko a jikinta.

Shekararta bakwai tana aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Madina, kuma irin matan nan ce da ba sa cewa "ina jin", sai dai "na sani". Fasfon mahaifiyarta na cikin jaka, takardar likita na bayansa, akwatin magani na mako guda a cike, kowace rana da gidanta. Ta riga ta kira Yaya Ƙasimu a Kano ta ce kar ya fito tarya sai ta sake kiransa. A ganinta hadari bai isa ya ɓata mata tsari ba, sai dai ya jinkirta shi.

Mahaifiyar tata, Hajo, tana zaune a keken da ake tura tsofaffi, hijabinta har ƙasa. Wata uku ke nan da zuwanta daga Malumfashi, yau kuma za ta koma ita kaɗai, da ciwon zuciyarta da komai. Duk falon nan kowa ya ɓata rai, wasu na faɗa da ma'aikata, wasu sun shimfiɗa darduma sun kwanta. Hajo kaɗai ce take murmushi.

"Inna, ke kam yau kamar an yi miki bushara."

"To kuka zan yi? Ruwan Madina ne fa... rahama ce."

Aminat ta lura da ɗan tsayawar da ta yi a tsakiyar magana, amma ta ɗora wa gajiya. Kwana goma sha uku tsohuwar ta yi a wani ɗaki kusa da Harami tare da ƙawarta Hajiya Ummukulthum, don gidan Aminat da nisa, ita kuma ta dage sai ta yi salloli arba'in a jere a Masallacin Annabi. Wanda ya yi wannan zirga-zirgar dole ya gaji.

Najwa ta ƙaraso da sauri. Ma'aikaciyar filin jirgin ce da aka haɗa ta da Hajo don ta tura ta har ƙofar jirgi. A Madina aka haife ta, kakanninta ne suka zo daga Damagaram, shi ya sa Hausarta rabi da rabi ce.

"Daktora, ma'alesh, a yi haƙuri, jirgi ba zai tashi yanzu ba. Yimkin, wataƙila sai bayan magariba. Mu kai Hajja can gefe, nan akwai sanyi."

Ta durƙusa za ta ɗora ƙafafun Hajo a kan matakin keken. Sai ta tsaya.

"Ya Allah! Hajja, ƙafar nan lesh, me ya sa haka?"

Hajo ta yi maza ta ja hijabi ta rufe. Amma ta makara, Aminat ta riga ta gani. Ba takalmin da ta saya mata ba ne a ƙafarta. Wasu manyan silifas ne na maza, na Ubaidullah mijin Aminat, waɗanda yake barin su a bakin ƙofa in ya tafi aiki Yanbu.

"Inna, ina takalminki?"

"Ya matse ni."

"Takalmin da kika ce ya yi miki yawa?"

"To ai ƙafa takan sauya."

Aminat ta matso. Ta durƙusa a gaban mutane, ta ɗage hijabin, ta zare safar da ƙyar don ta nutse cikin fata. Ƙafar ta kumbura har sheƙi take yi, daga yatsu zuwa gwiwa. Ta sa babban yatsanta ta danna ƙaurin, ta ɗauke. Ramin ya zauna daram kamar an danna kwaɓin fulawa, bai ko yi niyyar tasowa ba.

Ta ɗago ta dubi mahaifiyarta.

"Inna, kina shan maganinki?"

"Ba ke kike zuwa kullum da yamma kina buɗe akwatin ba? Kin taɓa ganin saura?"

"Ba tambayar da na yi miki ba ke nan."

"Ke fa matsalarki ke nan, Aminatu. Kowa majinyacinki ne."

"Kwana nawa kina barci a zaune?"

Hajo ta kau da kai. Ta shiga laluben bakin mayafin da ke ƙarƙashin hijabinta, wai goro take nema, alhali kowa ya san in tsohuwa ta fara neman goro a tsakiyar tambaya, amsar ce ba ta so ta bayar. Garin sauri, ta kwance ƙullin da ba shi ba.

Wasu ƙananan ƙwayoyi farare suka zubo, suka tarwatse a kan tayil.

Aminat ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa. Ba ta buƙatar karanta komai, a hannu ma ta san su. Maganin da ke fitar wa Hajo da ruwa daga jiki ne, wanda in babu shi zuciyarta ba ta iya ɗaukar nauyin. Ta jera su a tafin hannunta. Guda takwas.

"Kwana takwas, Inna."

"Sauran duk ina sha. Wallahi ina sha. Wannan ƙaramar ce kawai..."

"Wannan ƙaramar ita ke riƙe da numfashinki!"

Wasu mata 'yan Nijar da ke kusa suka juyo. Aminat ta sassauta murya, amma idonta ya riga ya yi ja.

"Me ya sa? Gaya min me ya sa. Mantuwa ce?"

"Ba mantuwa ba ce."

"To mene ne?"

Hajo ta gyara zama. Ta daina ɓoye-ɓoye, ta dubi 'yarta ido cikin ido, irin kallon da take yi wa masu sayen ƙuli-ƙulinta in suka raina mata farashi.

"Ke kin taɓa zuwa banɗakin Harami da ƙafa irin tawa?"

"Me ya kawo maganar banɗaki?"

"Shi ne maganar ai. In na sha ƙwayar nan, kafin awa guda fitsari ya matse ni sau uku. Ki fito daga sahu, ki ratsa farfajiyar nan duk faɗinta, ki sauka ƙarƙashin ƙasa a kan matakalar nan mai tafiya da kanta, ki bi layi... ki sake alwala, ki hawo. Kafin ki dawo an rufe ƙofar mata, an ce ciki ya cika."

Ta tsaya ta ja numfashi. Aminat ta ji wani ɗan sauti a ƙirjin, siriri, kamar ana hura ruwa da tsinke.

"Na kai ashirin da uku, Aminatu. Ashirin da uku ba fashi. Ranar nan da Isha'i ina can ƙasa ina layi, na ji liman ya yi sallama. Na zauna a bakin famfo na yi kuka kamar yarinya. Washegari da safe Ummukulthum ta miƙo min akwatin, na zare ta na ƙulle a mayafi, na sake sabon lissafi daga La'asar."

"Amma kin ce min kin cika tun ranar Lahadi. Har na kawo miki dabino muka yi murna."

"Na faɗa. Da na gaya miki gaskiya, da kin zauna a kaina sai na haɗiye a gabanki."

"Ƙwarai kuwa!"

"To kin gani."

Aminat ta miƙe tsaye. Haushi biyu ne ya cika ta. Na farko na tsohuwar, na biyu na kanta, kuma shi ya fi ciwo. Ita da ke gane majinyacin da ya yi fashin magani tun daga yadda yake shigowa, a ce mahaifiyarta ta yi mata wayo kwana takwas da ƙullin bakin mayafi.

"Kin san da jirgin nan ya tashi a kan lokaci, da yanzu kina shirin shiga sama ke kaɗai da ruwa a huhunki? Awa biyar, Inna. Babu ni, babu likita."

"Na san ba zai tashi ba."

"Kamar yaya?"

"Na roƙa." Hajo ta nuna gilashin da ruwa ke zuba a kansa. "Da Asubar yau na cika talatin da tara. Na ɗaga hannu na ce, ya Ubangiji, saura ɗaya, ga jirgi ƙarfe ɗaya, ga 'yata ba ta jin magana. Ka san yadda za ka yi. Muna fitowa daga masallaci na ga gabas ta yi baƙi."

Najwa ta dafe ƙirji. "Subhanallah!"

"Najwa, don Allah kar ki ƙara mata," in ji Aminat.

"Ƙarfe nawa yanzu?" Hajo ta tambaya.

Ita da kanta ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da minti ashirin. Saura awa guda a kira Azahar.

"Ki kai ni Harami, Aminatu. Motarki na waje. In yi Azahar, in cika, daga nan ki kai ni duk inda kike so. Ko yanka ni za su yi, na yarda."

"Asibiti za mu, yanzun nan."

"Bayan salla."

"To ki sha ƙwaya ɗaya yanzu."

"Ta karya min alwala a hanya? Tun ƙarfe tara nake riƙe da ita."

Aminat ta buɗe jakarta ta ciro ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta kama hannun Hajo ta maƙala. Yatsun sun yi sanyi. Lambar ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya a tamanin da bakwai.

A wurin aikinta, in majinyaci ya nuna haka, ba a barin sa ya je ko banɗaki da ƙafarsa.

Ta sake durƙusawa, wannan karon da lallashi.

"Inna, ki saurare ni. Allah ya ga niyyarki. Malamai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan arba'in ɗin nan, wasu sun ce ba dole ba ce. Ki bari a cire miki ruwan nan, ki warke. Ni da kaina zan sake yi miki biza. Baɗi in sha Allahu ki dawo ki yi arba'in, ki yi tamanin ma in kina so."

Murmushin ya ɓace daga fuskar Hajo gaba ɗaya.

"Me kika ce?"

"Na ce baɗi ki..."

"Haka kika ce wa Malam."

Aminat ta sunkuyar da kai.

Malam Barau, mahaifinta, tela ne a kasuwar Malumfashi. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma tun ranar Hajo ba ta taɓa ambaton sa da irin wannan muryar ba.

"Ranar da kika samu aikin nan, ya rufe shago ya zagaya kasuwa yana gaya wa mutane 'yarsa ta zama maƙwabciyar Annabi. Ya yanki farin yadi ya ɗinka wa kansa riga, ya ninke ya sa a akwati. Ya ce da ita zai yi arba'in. Shekarar farko kika ce takardunki ba su zauna ba, baɗi. Ta biyu kika ce gidan ya yi ƙanƙanta, baɗi. Ta uku..."

"Jarrabawa nake yi, Inna, kin sani."

"Na sani. Shi ma ya sani. Bai taɓa cewa komai ba. Duk sanda kika ce baɗi, sai ya ce Allah ya kai mu, ya kashe waya, ya je ya buɗe akwatin ya duba ko asu ya taɓa rigar."

"Kin ce min ya cika yana sa min albarka."

"Ya sa miki. Ban yi miki ƙarya ba. Amma ba shi kaɗai ya faɗa ba." Hajo ta dafa hannun keken, tana jan iska da baki. "Ya ce, Hajo, ni dai babu rabona. In yarinyar nan ta kai ki, ki tsaya sau arba'in a inda na so in tsaya, kar ki fasa ko ɗaya. Kuma kar ki gaya mata, za ta ji ciwo."

Tsawa ta fashe a waje, fitilun falon suka ɗan lumshe suka dawo.

"Shekara huɗu ina riƙe da maganar nan. Yau ke kika tono ta."

Hawaye suka zubo wa Aminat, ba ta ko share ba. Abin ya yi mata ciwo, ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba, don gaskiya ce tsantsa kuma babu wanda za ta ɗora wa laifi. Amma ko a cikin kukan, idonta na kan leɓen mahaifiyarta, wanda ya fara yin duhu.

"Inna... ba a yi wa mamaci salla. Addu'a ake yi masa."

"Ni ma na je Islamiyya, Daktora. Sallar tawa ce. Alkawarin ne nasa."

"In kika faɗi a cikin sahu fa?"

"A Madina? A cikin sahu?" Hajo ta ɗan yi dariya, tari ya katse ta. "Ke kuwa wane gata ne ya fi wannan?"

Nan Aminat ta gane babu wata hujja da za ta yi aiki. Ta san mahaifiyarta. In aka kira motar asibiti a nan, sai dai a ɗaure ta, kuma kokawar kaɗai ta isa ta tsayar da zuciyar. Ga hanya ta cika da ruwa, kafin motar ta iso ma an ci rabin awa.

Ta share fuska da bakin mayafinta. Ta miƙe, ta rataya jaka.

"Shi ke nan. Mu tafi."

"Ina?"

"Mu tafi dai."

"A'a. Faɗa min da bakinki."

Aminat ta dubi tsohuwar da ta haife ta, wadda ba ta taɓa yi wa ƙarya ba tun tana 'yar firamare.

"Harami, Inna."

Fuskar Hajo ta washe. "Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki."

Najwa ta tura keken da gudu har bakin rumfar da motoci ke tsayawa. Aminat ta ratsa ruwan ta kawo motar, ta jiƙe sharkaf. Su biyu suka ɗaga Hajo suka sa ta a kujerar gaba, aka ɗan miƙar da bayan kujerar don ba ta iya kwanciya. Da Aminat ta zagayo, Najwa ta riƙo hannunta, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Daktora... da gaske Haram?"

"Ki ce a sauke mata kaya daga jirgin. Ba za ta tafi ba, ko yau ko gobe."

Najwa ta kalle ta, ta gane. Ta saki hannun a hankali. "Allah ma'aki. Allah ya kasance tare da ke."

Hanyar ba ta biyuwa. Ruwa ya kai rabin taya, motoci sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin gada, wasu sun kunna fitilun gefe sun haƙura. Abin share gilashi na aiki iya ƙarfinsa amma da ƙyar ake ganin motar gaba. Aminat ta bi bayan wata babbar mota, tana taka sawunta inda ruwan ya dare.

Hajo ta lumshe ido, carbi a hannu. Ba ta iya dogon zance yanzu, sai guntu-guntu.

"Ƙofar mata... ta wajen... da muka saba."

"To, Inna."

"In ciki ya cika... ko a farfajiya... ya yi."

"To."

"Na zo da hular Malam... tana jakata. Kullum da ita... nake shiga."

Aminat ta cije leɓe har sai da ta ji ɗanɗanon jini.

Sha biyu da minti biyar suka iso mararrabar. Ga allo nan babba, da hoton ƙubba da kibiya tana nuna hanyar Harami. Minti goma sha biyar ne daga nan ko da ruwan. Za su iya samun sallar. Ta san za su iya, kuma sanin hakan ne ya fi komai yi mata nauyi.

Ta saci kallon abin da ke yatsan Hajo. Tamanin da huɗu.

Ta wuce allon, ta karya kan motar ɗaya hannun.

Ba ta yi da-na-sani ba. Tsoro dai ta ji, tsoron abin da bakin uwa zai iya furtawa. Amma ta riga ta binne mahaifi ɗaya daga nesa, ta waya aka gaya mata, kuma ta ƙudura a ranta ba za ta tura ɗayar cikin sahu da hannunta ta tsaya tana kallo ba.

Asibitin da ya fi kusa ba nata ba ne, ba ta san kowa a ciki ba. Ta shiga da motar har ƙofar ɓangaren gaggawa, ta danna hon ba ta ɗaga hannu ba. Ma'aikata biyu suka fito da gadon turawa.

Daidai lokacin ladanin masallacin asibitin ya ɗaga murya.

Hajo ta buɗe ido da murna. "Alhamdu lillahi... mun samu..."

Ta ga farar ƙofar gilashi. Ta ga gado mai taya. Ta ga mutane da fararen kaya. Ta juya hagu, ta juya dama, tana neman manyan lemomin farfajiyar Harami, babu ko ɗaya.

Sannan ta juyo ta dubi 'yarta.

"Aminatu."

"Na'am, Inna."

"Ƙarya kika yi min?"

"Na yi."

"Kika karɓi albarkata... a kan ƙarya?"

"Na karɓa, Inna. Kuma ko yanzu aka mayar da mu filin jirgin, haka zan sake yi. Ki yi fushi da ni kina numfashi."

Aka buɗe ƙofar motar. Hajo ta ƙanƙame bel ɗin kujera da hannu biyu, da wani ƙarfi da ba wanda ya san tana da saura.

"Kar wanda... ya taɓa ni."

Wani likita ya fito, dogo, baƙi, da abin sauraren ƙirji a wuya. Aminat ta tare shi da Larabci, ta zayyana masa komai cikin numfashi ɗaya: shekarunta, ciwon zuciyar, sunan maganin, kwana takwas, tamanin da huɗu. Ya leƙa motar ya dubi leɓen Hajo da jijiyar wuyanta, ya gyaɗa kai.

"Dole a shiga da ita yanzu," ya ce da Larabci. "Amma tana cikin hayyacinta, kuma ga shi ta riƙe. Ba na ɗaukar mutum da ƙarfi. Tambaye ta, ta yarda a kwantar da ita?"

Aminat ta sunkuya a bakin ƙofar, ruwa na zuba a bayanta.

"Inna, yana tambaya ko kin yarda."

"Ba a tayar da iƙama ba... in kika juya yanzu... za mu samu raka'ar ƙarshe."

"Inna, don Allah."

"Gaya masa... ban yarda ba. Gaya masa 'yata ce... ta sato ni. Harami za ni."

Likitan yana tsaye yana jira, alƙalami a hannu.

"Me ta ce?"

Aminat ta miƙe. A duk wurin nan ita kaɗai ce bakin Hajo, ta san da haka. Ta dubi likitan kai tsaye, muryarta ko gezau.

"Ta ce ta yarda."

Ma'aikatan suka matso da gadon. Likitan ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ya mayar da alƙalamin aljihu a hankali, ya dubi tsohuwar, ya dubi Aminat. Da ya buɗe baki, ba Larabci ne ya fito ba. Hausa ce mai nauyi, irin ta wanda ya koya a bakin kakarsa.

"Ba haka ta ce ba, Daktora. Na ji ta."